Na goge goshin fayil ɗin wani don kwamfailata ta tashi, yanzu mai shago yana so ya sayar

Tichan Taura: Assalamu alaikum 'yan zaure. A yi haƙuri da dogon rubutu, tun jiya na tara shi, sai yanzu da na hau tudun bayan makaranta na samu sabis.

Waɗanda suka daɗe a nan sun san ɗan aikin da nake fama da shi tun damina: ƙaramar kwamfaila, wato tafinta, wadda yaro zai rubuta mata shiri da kalmomin Hausa irin su idan, maimaita, nuna, ƙirga, ita kuma ta juya shi zuwa yaren C, GCC, babbar kwamfailar da ke mayar da C yaren na'ura, ta ƙarasa sauran. Ta fara tafiya, alhamdulillahi. Amma abu biyu sun hana ni barci.

Na farko, kwamfutar makarantarmu tsohuwa ce mai Windows 7. In yaro ya rubuta shirinsa a Notepad ya ajiye, sai kwamfailar ta ce wai akwai baƙon harafi a layi na 1, gurbi na 1, alhali ni da idona ban ga komai a wurin ba. Sannan wata yarinya ta yi shirin fitar da sunayen 'yan aji da makinsu, da muka buɗe a Excel duk inda ƙ take sai muka ga Æ™.

Na biyu, abokina mai shago yana so ya riƙa zuba ta a filash yana sayar wa makarantun kuɗi. Na ce masa bismilla, ai lasisin MIT, mai barin kowa ya kwafa ya sayar, na saka a rumbun GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet. Sai cikin dare na tuna akwai fayil ɗaya, teburin ajiyar sunaye, da ba ni na rubuta ba. A rumbun wani Bature na ɗauko, kuma ina tuna na ga GPL, wani lasisin daban mai sharuɗɗa, a samansa. Na goge sharhin saman, wato goshin fayil mai ɗauke da sunan marubuci da lasisi, gaba ɗaya lokacin, don shi ne yake karya min haɗi, ya hana kwamfailar tashi. Ina mafita?

Ɗan Haɗeja: Wa alaikumus salam. Ticha, kai da kake duka yara a kan satar amsa? 😂

Mai Shagon Gujungu: Ni ne abokin da ake magana. Na riga na sayo filash guda goma ranar Lahadi, don Allah kar a ce min an fasa.

'Yar Ringim: Malam, bari in fara da mai sauƙin. Abin da yake layi na 1 gurbi na 1 ba aljani ba ne. Tsohon Notepad, in ka zaɓi UTF-8, wato tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, yana manna bayit (ƙananan lambobin da ake ajiye harafi da su) uku a farkon fayil, EF BB BF, a matsayin tambari. Ido ba ya ganinsu, amma kwamfailarka tana cin karo da su kafin ta kai ga harafin farko. Sai a Windows 10 na 2019 suka daina sakawa kai tsaye. Kar ka ce za ka koya wa yara hanyar kauce masa, ba za su tuna ba. A wurin da kake buɗe fayil, duba bayit uku na farko, in su ne ka tsallake. Layi huɗu ne.

Ita kuma Æ™ ɗin, ƙ ɗinka ce lafiyarta ƙalau. A UTF-8 bayit biyu ce, C6 da 99. Excel ya ɗauka tsohon tsarin Turawan Yamma ne, inda kowane bayit harafi guda ne, sai ya karanta C6 a matsayin Æ, 99 kuma ™. Gwada ɗ, za ka ga É da dogon layi a gabanta. Abin dariyar shi ne, tambarin nan da ya dame ka a shirin yara, shi Excel yake nema kafin ya yarda fayil UTF-8 ne. To ka cire shi wajen karantawa, ka saka shi wajen rubuta wa Excel.

Tichan Taura: Ikon Allah. Mako biyu ina zargin kibod ɗin makaranta. Allah ya yi albarka, ƙanwata.

'Yar Ringim: Amin Malam. Amma ban gama ba, na leƙa rumbun naka. Kana ƙirga gurbi da bayit, shi ya sa in layi yana da ƙ biyu da ɗ ɗaya, ɗan kibiyar da ke nuna kuskure take zamewa gaba da gurbi uku. Yaro zai zuba wa wurin da ba laifi ido. Kuma fayilolinka rabi ƙarshen layinsu na Windows ne mai bayit biyu, rabi na Linux mai ɗaya, da alama kana aiki a waya wani lokaci. Ka saka fayil ɗin .gitattributes ya daidaita maka su.

Injiniyan Kazaure: Duk abin da 'yar nan ta faɗa haka yake. Ni maganar goshin fayil ɗin ce ta tsaya min. Ticha, me ya sa sharhi, wanda kwamfaila ba ta ko karantawa, zai karya maka haɗi? Ban gane ba.

Tichan Taura: Yallaɓai, akwai ɗan shirin Python da na yi, shi yake karanta wasu fayiloli ya manna su a saman kowane C ɗin da kwamfailar ta fitar. Da ya zo kan wannan fayil sai ya tsaya, ya ce bai gane bayit 0xe9 ba. Na buɗe, na ga sunan mutumin da wani baƙin lu'ulu'u mai alamar tambaya a tsakiyarsa. Batir saura kashi 6, mai caji ya kusa rufewa. Na zaɓe sharhin duka na danna goge, haɗi ya wuce, na yi hamdala na tafi gida.

Injiniyan Kazaure: Inna lillahi. E9 ɗin nan harafin é ne a tsohon tsarin Latin-1. Sunan bawan Allah ne kawai yake da shi. Umarnin iconv guda ɗaya zai juya fayil ɗin zuwa UTF-8, sunansa ya fito tas. Kai da kake gina yare guda don kar a ɓata mana ƙ da ɗ, ka share sunan wani saboda é ɗinsa.

Amma ka faɗi abin da ya fi wannan nauyi ba ka lura ba. Ka ce ana manna fayil ɗin a saman kowane shirin da aka fitar?

Tichan Taura: E. Kwamfailar tana amfani da shi, shirin yaro ma yana buƙatarsa in zai tashi.

Injiniyan Kazaure: To zauna. Matsala biyu ce ba ɗaya ba.

Ta ɗaya, kwamfailar kanta. Sharaɗin GPL shi ne, in ka haɗa kod ɗinta cikin shirinka kuma ka raba wa jama'a, dukan abin da ka raba sai ya tafi a ƙarƙashin GPL, da tushensa, wato ainihin kod ɗin da aka rubuta, da sanarwar masu shi. Fayilolin da ka rubuta da hannunka naka ne, kana iya barinsu a MIT, amma tuwon da aka tuƙa gaba ɗaya na GPL ne. Tambarin MIT da ka liƙa a ƙofar rumbu yana gaya wa mutane abin da ba haka ba.

Ta biyu ita ce wadda masu gina kwamfaila kaɗai suke faɗawa ciki. A ƙa'ida abin da kwamfaila ta fitar na mai shirin ne, lasisinta ba ya binsa, kamar yadda tela ba ya biyan mai keken ɗinki kason riga. Sai fa in kwamfailar tana zuba wani yanki na jikinta a ciki. Kai kuma abin da kake yi ke nan. Duk shirin da yaro ya haɗa yana ɗauke da kod ɗin wancan mutumin.

Ba kai ka fara ba. Bison, manhajar GNU (masu fafutukar manhaja mai 'yanci da suka kirkiro GPL) da ake haɗa mai tantance nahawu da ita, tana kwafe wani babban yanki na kod ɗinta cikin abin da take fitarwa, don haka kafin fitowa ta 1.24 ba a iya amfani da abin da ta haifar sai a manhaja mai 'yanci. Da suka ga hakan yana korar mutane sai suka ƙara togaciya. GCC ma haka. Tun 1987 da Richard Stallman ya fitar da ita take hannun GNU, yau tana kan GPL ta 3, amma ɗakunan kod ɗin da take liƙa wa shirye-shirye, irin libgcc, suna da togaciya ta musamman. Shi ya sa kamfani zai haɗa manhajarsa ta sayarwa da GCC ba wanda zai ce ya buɗe tushenta.

Tichan Taura: To ni ma sai in rubuta irin togaciyar a fayil ɗin.

Lauyan Gobe: A'a Malam, nan ne gizo yake saƙa. Ba ka yafe bashin da ba kai kake bi ba. Mai haƙƙin mallaka ne kaɗai zai iya sassauta sharaɗinsa. Kuma kar wani ya ce ai Bature ne yana can, dokarsu ba ta iso Taura ba. Najeriya tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta ɗauki shirin kwamfuta a matsayin aikin rubutu kamar littafi. Ba sai mutum ya yi rajista ba, da ya rubuta ya mallaka.

Ɗan Haɗeja: Lauya, tsakaninka da Allah, wa zai taso daga Faransa ya hau motar Gujungu don fayil mai layi ɗari uku?

Lauyan Gobe: Ba wanda zai zo. Amma rumbun a buɗe yake ga duniya. Ran da wata ƙungiya za ta so ta tallafa wa Ticha, ko wani ya so ya saka aikin cikin Debian, babban tarin manhajojin Linux, abin da za su fara bincika ke nan. Fayil marar goshi a tsakiyar masu goshi, salon rubutunsa daban, ai kamar baƙon sa ne a garke.

Jauron Maigatari: Tunda an taɓo garke dole in yi magana. A kara ranar Alhamis, saniyar da aka ga an yanke mata kunne don a ɓatar da shaida, ko naka ne halak malak ba dillalin da zai tsaya maka. Ticha bai saci saniya ba, kyauta mai ita ya bayar. Kunnen ya yanke. 😄

Mai Shagon Gujungu: Ni dai ku ba ni amsa a taƙaice. GPL ɗin nan tana nufin ba zan sayar ba?

Injiniyan Kazaure: Za ka sayar, Alhaji, ko nawa ka ga dama. GPL ba ta hana ciniki ba. Abin da ta ce, wanda ka sayar wa ka ba shi tushen kod ɗin da takardar lasisin, ko ka ba shi rubutaccen alkawarin bayarwa na shekara uku. Mafi sauƙi ka zuba duka a filash ɗin. Abin da ba za ka iya ba shi ne hana shi kwafa wa maƙwabcinsa.

Mai Shagon Gujungu: Ashe ba ciniki. Makaranta ɗaya ta saya, shugabanta ya tura wa sauran ta Xender kafin in koma shago.

Ɗan Haɗeja: Alhaji, ko da MIT ce ai haka za su yi maka. Ko Windows ɗin da ke shagonka wa ya biya? 🙈

Mai Shagon Gujungu: Kai ka fita harkata.

Malam Na Babura: Assalamu alaikum. Ni ba masanin kwamfuta ba ne, ɗana ne ya saka ni zauren, amma na karanta tun daga sama. In na fahimta, ita GPL kamar rijiyar waƙafi ce: kowa ya sha, mai garuwa ma ya ɗiba ya sayar, amma ba wanda zai kewaye ta da katanga ya ce ta gidansu ce. Ita kuwa MIT kyauta ce, an ba ka an juya baya, abin da aka roƙa kawai kar ka manta da sunan wanda ya bayar. In haka ne, shawarata ga Malam Ticha ya mayar da aikin duka waƙafi ya huta. Ilimin yara ne. Kuma sharaɗin mai waƙafi a wurinmu ba abin wasa ba ne, ana bin sa yadda ya gindaya.

Injiniyan Kazaure: Allah ya gafarta Malam, misalin ya zauna. Kuma ni ɓangarenka nake. Lokacin da kamfanin NeXT na Steve Jobs ya gina sashen yaren Objective-C a kan GCC, GPL ce ta sa dole suka saki tushensa, kowa ya amfana. Da kyauta ce zalla da sun rufe abinsu. Mu da ba mu da komai sai ɗan abin da muka rubuta a waya, in wani kamfani a Legas ya ɗauki aikin Ticha ya yi masa kwalliya ya rufe, ya dawo yana sayar wa makarantun Jigawa, me za mu ce?

'Yar Ringim: Baba Injiniya, da girmanka, a nan ban bi ka ba. Ɗaya gefen labarin fa? Da GCC ta koma GPL ta 3 a 2007, Apple ya tsaya cak a kan GCC 4.2.1, ya zuba kuɗinsa a Clang, kishiyar GCC, da ginshiƙinta LLVM, aikin da Chris Lattner da Vikram Adve suka faro a Jami'ar Illinois a 2000 da lasisi mai sassauci. FreeBSD, wani tsarin kwamfuta irin Linux, ma ta koma Clang a fitowarta ta 10. Yau yarukan Rust da Swift duk a kan LLVM suke tsaye, kuma kamfanonin suna mayar da gyara ba don an tilasta musu ba, don riƙe reshe na kanka wahala ne. Matsalar Malam Ticha ba ɓarawo ba ce. Matsalarsa ba wanda ya san da aikin. Mutum nawa ne suka taɓa haɗa shi ban da mu? In wani a Legas ya ɗauka ya kai yaren Hausa cikin waya dubu, ni murna zan yi.

Injiniyan Kazaure: Har sai ran da kika nemi gyara ƙ ɗin da suka ɓata aka ce miki tushen sirrin kamfani ne.

'Yar Ringim: Namu tushen ai yana nan, ba su ɗauke shi ba.

Injiniyan Kazaure: Yana nan, amma yara nasu suke amfani da shi. Kuma ki tuna LLVM ɗin da kike yabo, da suka tashi komawa lasisin Apache 2.0 a 2019, sai da suka bi masu gudummawa ɗaya bayan ɗaya suna neman sa hannu, shekaru ana abu ɗaya. Ko me Ticha zai zaɓa ya zaɓa yanzu da yake shi kaɗai ne.

Lauyan Gobe: Wannan gaskiya ne. Amma kun yi nisa, gobarar tana baya. Ticha, GPL ta nawa ce a fayil ɗin? Ta 2 kaɗai, ko ta 2 ko wadda ta biyo baya, ko ta 3? Akwai bambanci. A ta 2, da ka saɓa sharaɗi izininka ya faɗi nan take. Ta 3 ta yi sassauci: wanda ya yi kuskuren farko ya gyara cikin kwana 30 da sanar da shi, izininsa ya dawo, haka in ya daina da kansa kuma mai shi bai yi magana ba har kwana 60.

Tichan Taura: Wallahi ban sani ba. Abin da zai gaya min ɗin shi na goge. Na duba tarihin git, mai ajiye duk canjin da aka yi wa fayil, ashe sai da na goge sannan na fara ajiye shi.

Ɗan Haɗeja: Ɓarawon da ya share sawunsa har ya manta hanyar gida.

Mai Unguwar Zaure: Ɗan Haɗeja, ya isa. Mutum ya kawo kansa da kansa, ba kama shi aka yi ba.

Malam Na Babura: Tambaya ɗaya a gefe, a yi min afuwa. Almajirai za su iya rubuta shirin da ajami?

'Yar Ringim: Cikin saƙon da shiri zai nuna, e Malam, UTF-8 yana ɗauka. Sai dai a kula, akwai haruffan ɓoye masu juya rubutu daga dama zuwa hagu, kuma a 2021 masu bincike a Jami'ar Cambridge sun nuna ana iya amfani da su a sa ido ya ga abu ɗaya kwamfaila ta karanta wani. GCC 12 tana gargaɗi a kansu. Ya kamata Malam Ticha ya sa tasa ta yi haka.

Kuma tunda an dawo kan haruffa, akwai wanda ya fi ƙ ciwon kai: waƙafin sama na 'ya'ya da sana'a da ma'aji. Na ga ka sa shi alamar buɗe zance kamar C. Yaro ya sa wa abu suna jama'a, kwamfailar ta ɗauka ya buɗe zance bai rufe ba. Ka bar zance ga tagwayen waƙafin sama (") kawai, shi kuma ka yarda da shi cikin suna, yaren Haskell ma ya yarda. Sai ka tuna kibod ɗin waya yana musanya shi da lanƙwasasshe, wani lamba daban, kuma 'yan Nijar ƴ suke rubutawa. Ka mayar da su abu ɗaya tun a ƙofa.

Jauron Maigatari: Wanda wayarsa ba ta da ƙ fa? Ya rubuta kirga a ƙyale shi mana.

'Yar Ringim: A kalmomin yaren, a ƙyale shi. A sunayen da yaro ya raɗa, a'a. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka baki da baƙi, kara da ƙara. In ta ga biyun a shiri ɗaya ta ja masa kunne kawai.

Tichan Taura: Na dawo. Na sauka gida na tono tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi, ainihin fayil ɗin yana nan cikin abubuwan da na sauke. Sunansa, shekara, da GPL ta 3 ko wadda ta biyo baya. Na juya shi da iconv kamar yadda Yallaɓai ya ce, é ta fito, Python bai ce uffan ba. Na mayar da goshin, na rubuta a ƙasansa cewa na taɓa fayil ɗin da ranar da na taɓa, na cire MIT daga ƙofar rumbu na sa GPL, na yi bayani.

Abin da zan yi ke nan. Kwamfailar ta zauna a GPL, Malam da Yallaɓai sun rinjaye ni. Amma abin da ake manna wa shirin yara ba zai ɗauki kod ɗin kowa ba, MIT zai zama, abin yaro ya zama nasa.

Injiniyan Kazaure: Madalla. Kar ka buɗe nasa a gefe kana canza sunaye ka ce ka sake rubutawa, wannan kwafa ce da sabuwar riga. Ko ka rufe shi ka rubuta naka daga abin da ka sani, ko ka ɗauki uthash, irin wannan teburin ne a fayil ɗaya mai lasisin BSD, ka bar masa goshinsa. Sannan kowane fayil ka sa masa layin SPDX mai faɗin lasisinsa a sama, yadda masu Linux suke yi tun 2017, ko an ɗauke shi shi kaɗai ya tafi da shaidarsa.

'Yar Ringim: Ni zan rubuta teburin in ka yarda, Malam, ban taɓa buɗe nasa ba. Bayan jarrabawa ranar Laraba. Amma sunana a goshi, kuma akwai ɗ a ciki. 😌

Tichan Taura: Ko batir saura kashi 1 ba zan taɓa ba. Zan kuma rubuta wa mutumin in gaya masa abin da ya faru, Lauya ka duba min Turancin kafin in tura.

Mai Shagon Gujungu: To filash ɗina fa? In jira Laraba ko in zuba musu karatu da wa'azi in sayar ranar kasuwa?

Tichan Taura: Zuba wa biyar wa'azi, ka ajiye min biyar. Zan biyo ta shagon bayan Azahar, ka sa min waya a caji.